Hannu Mai Zafi, Ruwa Mai Sanyi

Tortiyar, wato faifan wainar masara, ta suɓuce daga hannun Fidelina ta faɗi a kan siminti. Ba ta ji lokacin da ta bar tafinta ba. Da ido ta gani.

"To, karen maƙwabta ya samu karin kumallo," in ji Eusebia, aminiyarta da suka tsufa tare a bakin kasko ɗaya. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta gutsuro ƙullun masara, ta tafa shi tsakanin tafukanta, taf-taf-taf, ta shimfiɗa a kan baƙin ƙarfen. "Na ce ki zauna ki riƙa ƙunsa wa mutane, Fide. Kin ƙi. Tsohuwa da taurin kai sai ka ce jakin mai itace."

"Wa ya girmi wani tsakanina da ke?"

"Ni na girme ki, amma hannuna bai sani ba."

Masu saye da ke tsaye a bakin ƙofa, kowa da ƙyallen da zai naɗe tortiyarsa, suka yi dariya. Marleny, 'yar Fidelina, ba ta yi ba. Ta sunkuya ta ɗauke ƙullun da ya faɗi, ta jefa a bokiti, ta koma wurinta.

"Mama, je ki sa kaya. In muka makara asibiti za su ce mu dawo wani watan."

Fidelina ta naɗe hannayenta cikin mayafin ulu ta fita tsakar gida. Sanyin safiyar garin Xela ya mare ta a fuska. Ta wuce ta gefen pila, wato babban kwamin simintin da suke tara ruwa, ba ta kalle shi ba. Ta daɗe ba ta kallonsa.

Babu macen da ta tashi a bakin kasko da ba ta san dokar ba: hannun da ya sha wuta ba ya taɓa ruwan sanyi. Sai an naɗe shi, an bar shi ya huce. Wadda ta karya wannan, sanyi zai shige ta har ƙashi, kuma ba ya fita. Haka kakar Fidelina ta faɗa wa uwarta, haka ita ma ta faɗa wa Marleny. Sau ɗaya tak ta karya dokar. Shekara uku ko huɗu da suka wuce, ana tsakiyar gashin tortiyar rana, Nayeli 'yar Marleny, wadda a lokacin ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta taka bokiti ta leƙa pila, ta auka ciki da ka. Marleny na ɗaki tana guga farar rigarta ta aiki a kantin magani. Fidelina ce ta hango ƙafafun yarinyar a sama. Daga bakin wuta ta ruga, ta zurma hannu biyu har kafaɗa.

Yarinya ta rayu. Hannu ya mutu. Haka unguwa duka ta san labarin, kuma haka ake ba da shi.

Da farko cikin barci abin yake tashinta, yatsu sun sage, kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. Sai ta yarfe hannun ta yarfe kafin ya dawo. Daga baya ya daina jiran dare. Allura ta gagare ta, maɓalli ya gagare ta, kofi ya fara zamewa. An yi maganin sanyi iri-iri. Mai tausa na bayan kasuwa ya murza mata da man zafi har ta yi hawaye. An yi turare, an yi wankan tururi, an jiƙa ganye a barasa an shafa. Marleny ta ninke farar rigarta ta sa a akwati, ta ɗaura zanen aiki, ta tsaya inda uwarta take tsayawa. Ba wanda ya ce ta yi. Ba kuma wanda ya ce kada ta yi.

Fidelina ba ta taɓa ce mata laifinki ne ba. Ko sau ɗaya. Sai dai duk ranar da maganar kantin magani ta taso, takan sami kanta tana murza wuyan hannunta a hankali, a inda Marleny za ta gani.

A cikin ƙaramar bas ɗin da ta ɗauke su, kwandasta ya cusa su a kujerar baya tsakanin wani mai buhun albasa da wata mai goyo. Wayar Marleny ta yi ƙara. Ta duba, ta kife ta a cinya.

"Doña Irma ce?"

"Ita ce."

"Me kuma take so?"

"Abin da ta faɗa ran nan. Ta buɗe sabon kantin magani kusa da tasha. Ta ce in ban je ranar Litinin ba za ta ɗauki wata."

"Me kika ce mata?"

"Na ce mata uwata ba ta da hannu."

Marleny ta faɗe shi ba tare da ɗaci ba, kamar mai faɗin sunan unguwarsu. Fidelina ta duba ta taga. Sai da suka wuce gidan mai ta lura babban yatsanta na hagu yana kan wuyan hannun dama, yana murzawa. Ta mayar da hannayen cikin mayafi.

Asibitin gwamnati ya cika tun kafin su iso. Suka sami gefen benci. Marleny ta sayo mata kunun masara mai zafi, ta riƙe mata kofin a baki kamar yarinya, mutane na kallo. Rana ta ɗaga sosai kafin wata nas mai gajeren wuya ta leƙo ta kira, "Fidelina Coyoy!" Marleny ta miƙe tare da ita. Nas ta tare ƙofa da hannu.

"Mara lafiya kaɗai. Ɗakin ba ya ɗaukar dangi."

"Ba ta iya kwance—"

"Bakinta na aiki, ko? To ya isa."

Likitan yaro ne, bai fi sa'an Marleny ba, idanunsa jawur don rashin barci. Ya ture kofin shayinsa gefe ya ce ta ɗora hannayen a kan tebur, tafi sama.

"Mama, me ke damun ki?"

"Sanyi ne ya shige ni, likita." Ta ba shi labarin pila, daga farko har ƙarshe, yadda ta saba ba da shi. Bai katse ta ba. Da ta gama ya ce, "Yarinyar tana lafiya?"

"Tana makaranta."

"Madalla. Wane yatsu ne ke mutuwa?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Ta duba hannun. "Babban. Da manuni. Da na tsakiya. Wannan kuma rabi-rabi."

"Ƙaramin fa?"

"Shi lafiyarsa lau. Ba abin da ya dame shi, ɗan banza."

Likitan ya yi ɗan murmushi. "Ke nan shi bai shiga ruwan ba?"

Ta dubi ƙaramin yatsan.

Ya ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannunta da yatsa. Wani abu ya harba mata har ƙarshen yatsu kamar ta taɓa wayar lantarki, ta janye da sauri. Ya sa ta lanƙwasa hannayen ta haɗa bayansu, yatsu na kallon ƙasa. Kafin ta gama addu'ar Ubanmu a zuci kiyashin sun taso. Sannan ya kama babban yatsanta na dama, ya shafa gindinsa, inda ya kamata a ce akwai tudun nama. Wurin ya lotsa kamar an kwashe da cokali. Ya daɗe yana kallonsa.

"Mama, ki saurare ni. A nan wuyan hannu akwai wani ɗan matsattsen rami. Ƙashi a ƙasa, wata igiya mai tauri a sama. Ta ciki jijiyar da ke kai ji zuwa waɗannan yatsun take wucewa, tare da igiyoyin da ke motsa su. In wurin ya kumbura, jijiyar ce ke shan matsa. Ƙaramin yatsa ta wata hanyar tasa jijiyar take bi, shi ya sa ya tsira. Shekara nawa kina tafa tortiya?"

"Tun ina taka kujera in kai kasko."

"Safe, rana, da yamma."

"Har Lahadi."

"Ga matse wanki, ga murza ƙullu. To kin gani. Wani lokacin ciwon sukari na ƙara masa, za mu duba jininki. Mata sun fi samunsa, wasu da juna biyu yake fara musu. Amma ruwa, a'a. Ko ƙanƙara kika zurma hannu ciki ba za ta yi wannan ba."

"Bayan ruwan ya fara."

"Kin tabbata? Kafin ranar bai taɓa tashinki daga barci ba?"

Ta so ta ce a'a. Kalmar ta zo har baki. Sai ta tuna lokacin da take da cikin Marleny, yadda take rataye hannu a gefen gado, marigayi mijinta na tsokanarta wai tana kama kifi cikin barci. Ta tuna shekarar da aka yi wa Nayeli baftisma, tun yarinyar ba ta zama da kanta, yadda farantin biki ya zame mata ya fashe ta ce maiƙo ne. Abubuwan suna nan. Ba su je ko'ina ba. Ita ce ba ta waiwaye su ba tun ranar da ta sami labarin da ya fi su daɗin faɗa.

"Ya taɓa," ta ce.

Likitan ya jawo takarda. Ya ce za a gwada jijiyar da na'ura, amma shi bai da shakka. Da tun farko ta zo, da maɗaurin da ke hana hannu lanƙwashewa cikin barci da ɗan hutu sun isa, ko allura ɗaya a wurin. Yanzu sai tiyata. Ƙaramin aiki ne, a tsaga igiyar nan ta sama jijiya ta sami sarari, a ranar za ta koma gida.

"In koma kasko?"

Ya ajiye takardar. "Zafin zai tafi, za ki yi barci. Na hagu ina sa rai sosai. Na dama..." Ya sake taɓa ramin da ke gindin yatsan. "Naman da ya zube haka ba kullum yake dawowa ba. An daɗe, Mama."

"An daɗe," ta maimaita.

"Wa ke yi miki aikin yanzu?"

"'Yata."

"In ta fara jin irin haka, kada a tsaya shafa mata mai. Ta zo da wuri."

Marleny na tsaye daidai inda aka bar ta. Ta karɓi takardun, ta gyara wa uwarta mayafi.

"Me ya ce?"

"Tiyata."

"Na san za a rina. Me ya ce ya kawo shi?"

Wani mai tura gadon marasa lafiya ya ce a ba shi hanya. Suka matsa jikin bango. Fidelina ta bi gadon da kallo har ya sha kwana. A ranta ta ga kaskon, ta ga Eusebia ita kaɗai da layin mutane har titi, ta ga 'yan matan da ake ɗauka aiki su yi wata biyu su gudu. Ta ga kanta zaune a kujera da hannu a naɗe, ba kowa a gidan sai ƙarar agogo.

"Abin da muka sani," ta ce. "Sanyi."

Marleny ta gyaɗa kai. Fuskarta ba ta canja ba. Wannan ne ya fi ci wa Fidelina rai: ko mamaki yarinyar ba ta yi ba, kamar wadda aka sake karanta wa hukuncin da ta riga ta haddace.

A bas ɗin dawowa ba su sami kujera biyu ba. Fidelina ta zauna, Marleny ta tsaya a kanta riƙe da ƙarfen sama. Hadari ya rufe kan dutsen Santa María. Direba na ta zagin masu babur. Wajen kasuwa Marleny ta saki ƙarfen, ta sauke hannun dama, ta yarfe shi sau biyu, sau uku, kamar mai kakkaɓe ruwa. Ta buɗe yatsu ta rufe. Ta kama ƙarfen da hagu.

Fidelina ta san wannan yarfewar. Ta san ta fiye da fuskarta a madubi.

"Me ya sami hannunki?"

"Ba komai. Minjirya ce."

"Tun yaushe?"

"Mama, ba komai na ce. Ina kiyayewa. Ko wanke fuska ba na yi sai na huce, tambayi Gwaggo Eusebia."

"Wane yatsu?"

Marleny ta dube ta da mamaki. "Wace irin tambaya ce wannan?" Ta duba hannun. "Waɗannan ukun. Me ya sa?"

Kwandasta ya buga jikin mota ya kira sunan unguwarsu. Suka sauka.

Sun tarar Eusebia ta sha gashin tortiyar rana ita kaɗai, kuma ba ta da niyyar bari a manta. "Sannunku da yawon buɗe ido! Ni nan na zama gizo-gizo, hannu takwas. Rigo mai gyaran takalmi ya ce tortiyata ta yau kamar tafin takalminsa, na ce to ya kafa mata ƙusa ya sa. Me likitan ya ce, Fide? Yanke shi za a yi mu huta?"

"Tsaga shi za a yi."

"Wayyo. Duk a kan wanka ɗaya." Ta girgiza kai, ta saci kallon Marleny, ta yi shiru. Kullum haka ake yi, a saci kallonta a yi shiru.

Marleny ta ɗaura zanen aiki, ta kunna wuta, ta jawo kwanon ƙullu. Kafin la'asar ta yi sanyi layin yamma ya fara taruwa. Taf-taf-taf, hannu huɗu. Fidelina ta zauna a kujerarta tana sauraro. Ta iya bambance su ko ido a rufe: na Eusebia mai nauyi, mai jan lokaci, na Marleny mai sauri. Yau ta ji abin da ta daɗe tana ji tana ƙin ji. Bayan kowace tortiya biyar ko shida, na Marleny yakan tsaya, ɗan tsayawa kaɗan, sannan ya ci gaba.

Ta warware mayafin ta ajiye. Ta tashi ta je bakin kasko.

"Kin fara ko?" in ji Eusebia. "Karen ya ƙoshi fa."

Ba ta taɓa ƙullu ba. Juyawa kawai ta shiga yi, tana ɗaga tortiya da gefen hannu tana kifawa, tana danna waɗanda suka kumbura. Ta bar tafukanta suna shawagi a kan ƙarfen har fatar ta yi ja, har zafin ya hau mata zuwa gwiwar hannu, gumi ya tsatso a goshinta. Sannan ta juya ta fita tsakar gida.

Pila cike yake, ruwan tun na asuba, ya yi baƙi don sanyi. Ta tura hannun riga sama. Ta zurma hannu biyu.

"Yesu da Maryamu!" Eusebia ta ƙwalla daga bakin ƙofa. "Fide, kin haukace? Marleny! Uwarki za ta kashe kanta!"

Marleny ta fito a guje, ƙullu a hannu, ta kama ta ta kafaɗa tana ja. "Mama! Mama, fito da shi! Me kike yi haka?"

"Sake ni."

"Za ki ƙarasa shi gaba ɗaya!"

"Na ce sake ni. Ba abin da zai yi mini." Ba ta juyo ba. Ruwan take kallo. "Ba ruwa ba ne. Likita ya ce ba ruwa ba ne, bai taɓa zama ruwa ba. Kaskon ne. Tafin ne, safe da rana da yamma. Jijiya ce ta matse a nan. Da Nayeli ta faɗa da ba ta faɗa ba, nan zan iso."

Hannun Marleny ya saki kafaɗarta a hankali.

"Ɗazu kika ce sanyi."

"Na ce."

"A asibiti. Na tambaye ki, kika ce sanyi."

"Na ce. Ƙarya na yi."

Eusebia ta yi alamar gicciye. "Likitocin yanzu, yaran da ba su taɓa hura wuta—"

"Eusebia, don Allah," in ji Fidelina.

Eusebia ta kama bakinta. Daga waje wani ya ɗaga murya yana tambaya ko an daina sayarwa ne. Ƙaurin tortiya mai ƙonewa ya biyo iska, Eusebia ta yi tsaki ta koma ciki.

Suka rage su biyu. Marleny na kallon ƙullun da ya bushe a yatsunta.

"Tun kafin ranar yake miki?"

"Tun ina da cikinki."

"Kin sani ke nan."

Fidelina ta nemi amsar da za ta zama gaskiya ba tare da ta zama wuƙa ba. Ba ta samu ba. "Ban tsaya na sani ba," ta ce.

Marleny ta yi wata 'yar dariya marar sauti. Ba ta yi kuka ba. Fidelina ta so a ce ta yi, ko ta yi zagi, ko ta fasa wani abu. Shekarun nan ba su da inda za a je a karɓo su.

Fidelina ta ce, "Naki bai yi nisa ba. Ya ce maɗauri da hutu sun isa in an je da wuri. Ki je. Kuma ki fito da farar rigarki ki sha mata iska, warin akwati take yi. Litinin ba nisa."

"Kaskon fa?"

"Kasko ƙarfe ne."

Marleny ta kai hannu baya ta kwance zanen aikin. Ta ninke shi biyu, ta sake ninkewa, ta ɗora a bakin pila kusa da gwiwar hannun uwarta. Ta tsoma hannayenta masu zafi a ruwan, ta wanke ƙullun tas, yatsa bayan yatsa, ba gaggawa. Ta shige ɗaki. Fidelina ta ji ƙarar jan akwati daga ƙarƙashin gado.

Daga bakin kasko tafin ya ci gaba, taf, taf, mai nauyi, hannu biyu kacal.

Fidelina ba ta fitar da nata daga ruwan ba. Ta tsaya tana jiran sanyin da ta yi shekara da shekaru tana gudu. Ya kama ta a damtse, ya kama ta a bayan hannu. A yatsu kuwa, ƙananan nan biyu na gefe ne kaɗai suka ce mata ruwan da sanyi.